Babi na Shida: Ƙaramin Jirgi, Ƙaramin Gari

A Najeriya kamfanin jiragen sama ba kasafai yake tsufa ba. Duk wanda ya yi zirga-zirga ta sama a shekarun 1990 da farkon 2000 yana da sunayen da zai lissafa: Okada, Kabo na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Chanchangi na Kaduna, Albarka, Bellview, Sosoliso, IRS. Kowannensu ya yi tashensa, wasu har da jibga-jibgan jirage masu kai alhazai Jidda, amma yau babu ko ɗaya da za ka je kanta ka yanki tikitinsa. Nigeria Airways ma, da gwamnati ta tsaya masa, a 2003 ya kwanta bai sake tashi ba. Virgin Nigeria ya zo da ɗaurin gindin Turawa a 2005, ya canza suna sau biyu, ya rufe a 2012.

A tsakiyar wannan mace-mace akwai wani ƙaramin kamfani da ya fara jigila a 2002, ya haura shekara 20 yana tashi da suna ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya. Overland Airways ke nan, na Kyaftin Edward Boyo, mai hedikwata a Ikeja ta Legas. Reshe ne na kamfanin Landover, wanda ke hidimar jirage, yake da makarantar horar da ma'aikatan sufurin sama da kuma mujallar masu sana'ar. Overland bai taɓa yin sunan da Arik ya yi a zamaninsa ba, balle wanda Air Peace ke yi yanzu, jiragensa kuma ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Sai dai Arik, da ya shigo da sababbin jirage fil a 2006, tun Fabrairun 2017 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Na ware wa Overland babi guda ne domin a wurinsa ake ganin yadda ƙanƙanta ke raya kamfani, ake kuma ganin yadda ita wannan ƙanƙantar ke iya barin fasinja zaune kan benci yana duban agogo.

Shekarar da ya fara ba shekarar daɗi ba ce. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya faɗa kan gidajen Gwammaja a Kano jim kaɗan bayan tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Gwamnati ta dakatar da wannan ƙirar, ta kuma hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Bayan shekara uku masifa ta dawo a jere: Bellview a Oktoban 2005, Sosoliso a Fatakwal a Disambar shekarar da 'yan makaranta a ciki, sai ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, hatsarin da ya tafi da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Daga nan aka ƙara wa NCAA, hukumar kula da sufurin sama, ƙarfi, aka kuma ce kowane kamfani ya nuna jarinsa kafin 30 ga Afrilu 2007: naira miliyan 500 ga mai jigilar cikin gida, biliyan 1 ga mai zagaya ƙasashen yankin, biliyan 2 ga mai nisan zango. ADC da Sosoliso da Albarka a nan suka tsaya. Overland ya tsallake.

Shekarunsa na farko a kan Beechcraft 1900 ya yi su, jirgi mai kujera 19 da ake ƙerawa a Wichita ta Amurka. Kujera ɗaya ce a dama, ɗaya a hagu, kusan kowa yana jikin taga. Samfurin 1900D an ɗaga masa rufi har mutum ya iya tafiya a tsaye, abin da ya sa daga waje yake da wani tozo. Matuƙa biyu sun ishe shi, domin ƙa'ida ba ta tilasta sa ma'aikacin kula da fasinja a jirgin da bai wuce kujera 19 ba, wannan ma shi ne dalilin da masu ƙera shi suka tsaya a 19 ba su ce 20 ba. An daina ƙera shi a 2002, shekarar da Overland ya fara aiki.

Jirgin da aka fi sanin kamfanin da shi kuwa ATR ne, na haɗin gwiwar Faransa da Italiya, wanda ake harhaɗawa a Tulus. ATR 42 yana ɗaukar mutum 40 zuwa 50, ya fara jigila a duniya a 1985. Ƙanensa mai tsawo, ATR 72, ya biyo baya a 1989 da kujera wajen 70. Wanda bai taɓa shiga ba, ranar farko yakan ɗan yi turus. Bas ta kwaso ku daga ɗakin jira a Abuja, ta wuce manyan jirage ɗaya bayan ɗaya, ta je can gefe ta tsaya gaban wani mai fukafuki a saman gadon baya da farfela biyu manya. Ba a jingina masa matakala, ƙofarsa ce take buɗowa ƙasa ta zama matakalar, kuma ƙofar tana baya ne kusa da wutsiya, domin ɗakin kaya yana gaba tsakanin matuƙa da fasinjoji. Kana hawa kana jin inji yana ruri ta ɗaya gefen alhali farfelar ba ta motsi. Ba lalacewa ta yi ba. Injin dama ne aka tayar aka ɗaure farfelarsa da birki, don ya ba jirgin lantarki da sanyin iska kafin a tashi, tunda ATR ba shi da ƙaramin injin da manyan jirage ke ɗauke da shi a wutsiya don wannan aiki. A layin hawan nan da wuya a rasa mai cewa, "Au, mai fanka ne?"

Wannan tambaya ta daɗe tana cutar ƙananan kamfanoni. Mutane da dama suna ɗauka jirgi mai farfela tsohon yayi ne, irin na zamanin yaƙin Hitila. Alhali injin da ke cikinsa, ƙirar Pratt & Whitney ta Kanada, ɗan gida ɗaya ne da na jet, kananzir ɗaya suke sha. Bambancin shi ne, a nan ƙarfin injin ana bi da shi ta giya ya juya farfela. Abin da ake rasawa gudu ne: ATR yana yin wajen kilomita 500 a awa, jet yana haura 800. Amma a tafiyar kilomita 250 ko 300, irin Legas zuwa Ilorin, yawancin lokacin a hawa da sauka da jiran izinin hasumiya yake tafiya, sai ka ga ratar ba ta wuce minti goma ko sha biyar ba. Abin da ake samu a madadin haka mai ne. Kamfanin ATR yana cewa jiragensa suna rage shan mai da kusan kashi 40 cikin 100 idan an gwada da jet mai girmansu. A rage wani abu saboda mai kaya ne ke yabon kayansa, duk da haka ratar babba ce.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce akwai garin da kullum ake samun mutum 30 masu zuwa Abuja ta sama. Idan ka aika Boeing 737 mai kujera 140, kashi ɗaya cikin biyar kawai ka cika, ka ƙona man babban jirgi, ka biya kuɗin sauka na babban jirgi, domin da nauyi ake caji, ka biya ma'aikata uku ko huɗu a cikin ɗakin fasinja. Waɗannan mutum 30 ɗin a ATR mai kujera 48 sun kusa cika kashi biyu cikin uku, ma'aikaci ɗaya ya ishe su, titin da bai kai kilomita ɗaya da rabi ba ya ishi jirgin. Kowane direban tasha ya san wannan: hanyar da ƙaramar bas ke cika da ƙyar ba a sa mata doguwar mota. Abin mamaki shi ne yawan masu kuɗin da suka shiga harkar jirage ba su san shi ba, ko sun sani girman kai ya hana. Da yawa daga kamfanonin da na lissafa a farko tsofaffin Boeing suka saya da arha, suka yi cincirindo a kan Legas, Abuja da Fatakwal, suna karya wa juna farashi har aljihu ya ƙare.

Ƙaramin jirgi ma yana da nasa cikas, kuma fasinja ne ke jin sa a jiki. Yana da ƙara. Ba ya wuce ƙafa 25,000 a sama, don haka da damina, lokacin da jet ke hayewa saman wani hadarin, shi sai ya kewaye ko ya ratsa gefensa ana girgiza. Ɗakin kayansa ƙarami ne, matafiyinmu kuwa ba ya tafiya hannu rabbana: ga akwati, ga jakar tsaraba, ga ƙullin kilishi ko doya. Da zafin Maris da Afrilu iska takan yi sako-sako, jirgi ba ya iya tashi da nauyin da zai tashi da shi da sanyin safiya, sai a rage kaya. Mutum ya isa, jakarsa ta zo gobe.

Taswirar hanyoyin Overland ita ce hujjar wannan lissafi. A tsawon shekarunsa garuruwan da aka san shi da su su ne Ibadan, Ilorin, Akure, Asaba, Warri da Kalaba a Kudu da yamma, a Arewa kuma Minna, Bauchi, Dutse da Jalingo, duk ana ɗaura su da Abuja ko Legas. Da aka buɗe filin Asaba a 2011, jirginsa ne ya fara jigila a can. Haka aka yi a Dutse bayan gwamnatin Sule Lamiɗo ta gama filinta a 2014. Akwai wani abu da ke maimaita kansa a nan. Ƙaramin kamfani ya buɗe hanya, ya jure watannin da kujeru ke tafiya wayam, ya saba wa mutanen gari da hawa jirgi. Da hanyar ta nuna, sai manya su iso da jet, fasinja kuma ya bi jet. Asaba da Akure da Ilorin duk sun ga haka. Ladan mai share hanya shi ne ya tashi ya nemi wata.

Jalingo ce ta fi nuna amfanin abin. Daga Abuja zuwa can a mota tafiyar yini ce cur, ga lalacewar hanya, ga shingaye, ga fargabar dare. Da ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Wukari zuwa Jalingo a daminar 2024, sai da aka koma tsallaka mutane da motoci ta ruwa. A jirgi kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Overland ya fara zuwa a ƙarshen 2015, zamanin Gwamna Darius Ishaku, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar. Filin yana ɗauke da sunan Danbaba Suntai, gwamnan da ya koyi tuƙin jirgi yana kan mulki, ya faɗi da ƙaramin jirgi kusa da Yola a Oktoban 2012, bai sake komawa daidai ba har rasuwarsa a 2017. Ga likitan da aka gayyato ya yi tiyata, ko ɗan kwangila, ko malamin jami'a, samuwar wannan jirgi ita ce take yanke hukuncin zai zo ko ba zai zo ba.

Wannan "haɗin gwiwa" da gwamnatocin jihohi yana bukatar a tsaya a kansa. Gwamnoninmu suna son gina filin jirgi. Katsina, Gombe, Dutse, Bauchi, Birnin Kebbi, Lafiya, Damaturu, duk jihohi ne suka zuba kuɗi. In an yanke ƙyalle an watse, sai a tarar ba kamfanin da zai zo da kansa, filin ya zauna sai lokacin aikin Hajji da ranar da babban baƙo zai sauka. Maganin da aka saba shi ne gwamnati ta yi wa kamfani lamunin kujeru: ka zo sau kaza a mako, in fasinja bai kai adadi kaza ba mu cike gurbin. Minna ma da hannun gwamnatin Neja Overland ya koma a 2025.

Ni ban ga aibu a tallafin kansa ba. Amurka, uwar 'yan jari-hujja, tun 1978 take biyan kamfanoni su riƙa zuwa ƙananan garuruwan da kasuwa ta yi watsi da su. Indiya ta kafa nata shirin, UDAN, a 2016. Inda muka bambanta da su shi ne, can ana tallata hanyar, kamfanoni su yi takara, a buga abin da aka biya da sharuɗɗan aikin kowa ya gani. A nan yarjejeniya ce tsakanin gidan gwamnati da kamfani, tsawon ranta kuma tsawon wa'adin gwamna ne, ko ma tsawon lokacin da ma'aji ke sakin kuɗi. Gwamna ya sauka, magajinsa ya ce ba shi ya sa hannu ba, jirgi ya daina zuwa, mutanen gari su zagi kamfani. Duk ɗan majalisar jihar da ke son yi wa mazaɓarsa aiki, ya nemi a karanta irin wannan takarda a zauren majalisa: nawa ake biya, kujera nawa, su wa ke zama a kujerun da gwamnati ta biya, kuma me kamfani zai yi asara in ya soke tashi ba dalili.

A 2018 kamfanin ya leƙa ƙetare, ya buɗe Kwatano da Lome da Yamai daga Legas. Irin waɗannan gajerun hanyoyi sun dace da ATR, sai dai ba kasuwa kaɗai ke mulkinsu ba. Annobar korona ta rufe jigilar ƙasa da ƙasa a Najeriya daga Maris zuwa Satumban 2020, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma ya jawo takunkumin da ya rufe sama tsakanin ƙasashen biyu har cikin 2024.

Ƙafa ta biyu da irin wannan kamfani ke tsayawa a kai ita ce shata. Kamfanin mai zai kai ma'aikata, ƙungiyar ƙwallo za ta wasa, jam'iyya tana yawon kamfe, attajiri zai kai 'yan ɗaurin aure: a ɗauki jirgin gaba ɗaya. A shata ba kujera ake sayarwa ba, awa ake sayarwa, daga lokacin da jirgi ya motsa zuwa lokacin da ya tsaya. In jirgin yana Legas kai kuma kana Yola, kuɗin zuwansa wayam ya ɗauke ka a kanka yake, haka komawarsa, haka jiran da zai yi maka. Daɗinta ga kamfani shi ne kuɗi a hannu kafin tashi, ko mutum biyar ne suka hau. Hatsarinta shi ne, jirgin da ke shata shi ne dai jirgin da ke kan jadawali. Duk kamfanin da ya haɗa biyun da jirage kaɗan yana fuskantar jarabawa ɗaya a kakar zaɓe: ga mai biyan miliyoyi yau, ga mutum 30 da suka yanki tikiti tun makon jiya. Yadda kamfani ke amsa wannan ita ce tarbiyyarsa, kuma ba a ganin ta a talla.

Idan matafiyi ya tambaya ko kamfani abin dogaro ne, tambaya biyu ya haɗa. Ta farko, zan sauka lafiya? Ta biyu, zan sauka a kan lokaci? Amsarsu ba ɗaya ba ce, wani lokaci ma suna karo da juna.

A ta farko, tarihin Overland ba fari fat ba ne, kuma babu kamfanin da ya shekara 20 yana tashi da zai ce nasa fari ne. A Nuwamban 2014 wani ATR 72 nasa ya kauce daga titi yayin sauka a Ilorin, jirgin ya lalace, mutane suka fito. A Oktoban 2018 wani ATR 72 ya kama wuta a garejin kamfanin a Legas ana cikin aikin gyara, ba fasinja a ciki. A Yunin 2022 jirgin da ya taso daga Ilorin ya samu matsalar inji ɗaya gab da Legas, matuƙan suka sauke shi lafiya. A duka ukun ba a rasa rai ba. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne ya iya tashi da sauka da ɗaya, kuma duk wata shida ana kai matuƙi na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe masa inji a ga yadda zai yi. Kamfanin yana kuma cikin rajistar IOSA, binciken tsaro na ƙungiyar IATA ta duniya, wanda ba sau ɗaya ake ci a huta ba, sabuntawa ake yi. A ƙasar da ta ga hatsarin Gwammaja da na Bellview da na Sosoliso, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta biyun ce ke da wuya, kuma a nan ƙanƙanta take juyowa ta ciji mai ita. Ɗauki misalin jirgi ɗaya da aka tsara masa yini haka: Legas zuwa Ibadan, Ibadan zuwa Abuja, Abuja zuwa Jalingo, ya dawo Abuja, ya bi ta Ilorin ya kwana Legas. Tashi shida, jirgi ɗaya. Da safe tankar mai ta makara minti 40. A Abuja aka rufe sama rabin awa saboda wani babba zai tashi. Kowane jinkiri yana hawa kan na baya, ba inda za a rama. Babban kamfani zai jawo wani jirgin daga gefe ya ɗauki mutanen Jalingo. Ƙarami ba shi da na gefe. Sannan yawancin filayen ƙananan garuruwa da faɗuwar rana ake rufe su, ko don babu fitilun titi, ko don babu ma'aikatan dare. Jinkirin awa uku a hanyar Legas zuwa Abuja yana nufin ka isa da dare. Jinkirin awa uku a hanyar ƙaramin gari yana nufin sai gobe.

Ga kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe Arewa har mutum ya kasa hango abin da ke gabansa da 'yan ɗaruruwan mita. Filin da ke da na'urar ILS, mai jagorar jirgi da siginar rediyo har bakin titi, ana iya sauka a cikinsa in ana hangen mita 800. Filin da ba shi da ita, ko tana nan ba ta aiki, sai an samu hange mai nisa sosai kafin ƙa'ida ta yarda. Filayen da ƙaramin kamfani ke zuwa su ne dai waɗanda suka fi ƙarancin kayan aiki. Matuƙin da ya zagaya sama da gari sau biyu ya juya da ku Abuja, za a tsine masa a cikin jirgi, amma aikinsa ya yi. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne mai cewa bari in gwada.

Sai gyara. Jirgi ba ya jiran ya lalace kafin a buɗe shi, awoyin tashi da kwanakin kalanda ne ke kiran sa gareji, babban bincike kuma yakan cinye makonni. In wani ƙarfe ya mutu ba zato, sai an nemo shi daga Turai ko Amurka da dala, ya zo ya bi ta kwastam, jirgi yana zaune. Kamfani mai jirgi 8 da ɗaya ke babban bincike, ɗaya ke jiran kaya, rubu'in ƙarfinsa ya tafi. Abin da ya sa NCAA ta fito da ƙa'ida a 2023 cewa mai jigila bisa jadawali ya mallaki akalla jirgi 6 ke nan. Shi ya sa kuma garejin kansa da Overland ya gina a Legas ya fi kowane talla daraja, ko da fasinja bai taɓa ganin cikinsa ba. Duk wannan ana yin sa ne da kuɗin tikitin naira, alhali inshora da kayan gyara da horon matuƙa da dala ake biya. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700, har ƙungiyar kamfanonin jirage ta yi barazanar tsayar da aiki ranar 9 ga Mayu kafin ta janye. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu a wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024.

A cikin wannan yanayi ne Overland ya yi abin da ya saɓa wa halinsa. A bikin baje kolin jirage na Dubai a Nuwamban 2021 ya yi odar sababbin jet uku ƙirar Embraer E175 daga Birazil, da damar ƙara uku, cinikin da aka ƙiyasta a kusan dala miliyan 300 bisa farashin takarda in an ɗauki duka shidan. Na farko ya iso a 2023, mai kujera 88. Dalilan a bayyane suke. Sabon jirgi bai cika zaman jiran kaya ba. Yana da gudun da zai kai biranen Afirka ta Yamma masu nisa. Yana kuma rufe bakin mai tambayar fanka, ya ba kamfanin damar riƙe hanyar da ya share maimakon ya bar wa wasu.

Duk da haka ina da shakka. Kujera 88 ta kusa ninka 48, garin da ke ba da mutum 30 kuwa bai san an sayi sabon jirgi ba. Kowace ƙira tana da nata matuƙa, nata injiniyoyi, nata ɗakin kayan gyara, matuƙin ATR ba ya wayar gari ya hau Embraer sai ya koma horo. Kuma jirgi sabo kuɗinsa ba ya barci, ko ya tashi ko bai tashi ba ana bin sa, abin da ke tura mai shi zuwa inda fasinja ya fi yawa, wato Legas da Abuja, inda manya ke yanka juna. A ganina ma'aunin wannan ciniki ba kyan jirgin ba ne. A duba jadawalin kamfanin bayan 'yan shekaru a ga ko Jalingo da Minna da ire-irensu suna ciki.

Kai kuma mai shirin tafiya irin waɗannan garuruwa, da wannan kamfani ko waninsa, yanki tikitin safe, domin jinkiri da rana yake taruwa. Da hunturu kada ka sa tafiyarka ranar ɗaurin auren ko ranar jarrabawar, tafi tun ana gobe. Magani da takardu su zauna a jakar hannu. In jinkiri ya kai awa 2, ƙa'idar NCAA ta ce a ba ka abin taɓawa, in ya kai awa 3 kana da ikon fasa tafiyar ka nemi kuɗinka. Jami'an hukumar masu karɓar ƙorafin fasinja suna da tebur a manyan filayen jirgi, ka je musu da tikitinka a hannu.